Sauyin Tsarin Ibada a Cocin Katolika: Kada a Manta da Masu Aikin Sa Kai

Shekaru sittin da ɗoriya ke nan da Ikilisiyar Katolika ta ɗauki wani mataki wanda ba kowace tsohuwar ƙungiya ce za ta iya ɗaukarsa ta kwana lafiya ba, watau ta sake fasalin ibadar da mabiyanta suka gada kaka da kakanni. Har yanzu kuwa ƙurar wannan al'amari ba ta gama kwantawa ba. A ganina ya kamata masu karatu, Kirista da Musulmi, su san yadda abin ya gudana, domin mabiya wannan ɗariƙa maƙwabtanmu ne a unguwa, abokan aikinmu ne a ofis, abokan karatunmu ne a makaranta. Ban da haka, akwai darasi a ciki ga duk wanda aka taɓa miƙa wa takardar umarni daga sama aka ce ya aiwatar. Abin da nake so in nuna shi ne, shugabanni ne suka yanke shawarar sauyin a birnin Rum, amma waɗanda suka ɗauki nauyinsa a ka har ya zauna da gindinsa su ne talakawan coci masu aikin sa kai, kuma har yau ba a ba su haƙƙinsu yadda ya kamata ba.

Bari mu fara da asalin maganar. Babbar ibadar Katolika ita ce wadda suke kira Mas, inda ake karatu daga Littafi Mai Tsarki, a yi wa'azi, sa'an nan firist, wanda jama'a suka fi sani da Fada, ya keɓe gurasa da ruwan inabi a bisa bagade, masu bi su karɓi Jibi. Tun daga shekarar 1570, lokacin da Paparoma Pius na 5 ya fitar da littafin ibada bayan taron bishop-bishop na garin Trent, tsari guda ake bi a mafi yawan ƙasashen duniya, kuma da harshen Latin. Fada yakan tsaya yana fuskantar bagade, jama'a suna bayansa, yawancin addu'o'in a hankali yake yin su, yaron da ke taya shi hidima ne ke amsawa a madadin kowa. In ban da wa'azi, manomi a ƙasar Shendam da ɗan kasuwa a Faransa kalmomi iri ɗaya suke ji ranar Lahadi, amma da wuya a sami ɗaya daga cikinsu da ya san ma'anarsu filla-filla.

Ran 11 ga watan Oktoba, 1962, Paparoma John na 23 ya buɗe babban taron bishop-bishop na duniya wanda ake kira Taron Batikan na Biyu, magajinsa Paparoma Paul na 6 kuma ya rufe shi ran 8 ga Disamba, 1965. Dokar da ta shafi ibada an zartar da ita ran 4 ga Disamba, 1963, bishop 2,147 suka amince, 4 kaɗai suka ƙi. Ginshiƙin dokar shi ne, wanda ya zo Mas kada ya zama ɗan kallo, a sa shi cikin ibadar da bakinsa da hankalinsa. Saboda haka aka buɗe ƙofar yin amfani da harsunan jama'a, aka faɗaɗa karatun Littafi Mai Tsarki, aka kuma ce a ƙasashen da ke da kiɗa da waƙa na gargajiya a ba su gurbin da ya dace. Ya kamata a lura cewa taron bai soke Latin ba, ya ma ce a kiyaye shi. To, amma da ƙofa ta buɗe sai harsunan gida suka cika ɗakin. A ƙarshen watan Nuwamba na 1969 sabon tsarin Mas ya fara aiki. A wurare da yawa aka jawo bagade gaba, Fada ya juyo yana fuskantar jama'a. Azumin da ake yi kafin karɓar Jibi, wanda a da daga tsakar dare ake fara shi, an riga an rage shi zuwa awa uku a 1957, aka sake rage shi zuwa awa ɗaya a 1964.

Shi kansa Paparoma Paul na 6 bai ɓoye wa jama'arsa cewa abin zai yi zafi ba. Ana saura 'yan kwanaki sabon tsarin ya fara aiki, ya gaya wa masu sauraronsa cewa waɗanda suka fi riƙon ibada su ne za su fi damuwa, domin sun saba da hanyarsu ta yin addu'a, ga shi za a raba su da ita. Haka kuwa aka yi. A Turai da Amurka akwai tsofaffin da suka wayi gari suka ga an kawar da abubuwan da suka taso suna girmamawa, an daina waƙoƙin da aka yi wa iyayensu jana'iza da su, ba wanda ya zaunar da su ya yi musu bayani. A 1971 sai da aka ba Ingila da Wales izini na musamman su riƙa yin tsohon tsarin jefi-jefi. Wani babban bishop ɗan Faransa, Marcel Lefebvre, ya kafa ƙungiyarsa a 1970 don riƙe tsohon tsari, rikicin ya yi ta ruruwa har aka yanke shi daga Ikilisiya a 1988 bayan ya naɗa bishop huɗu ba da yardar Paparoma ba. Paparoma Benedict na 16 ya sassauta wa masu son tsohon tsari a 2007, Paparoma Francis kuma ya sake tsuke igiyar a 2021. Wannan kai da komo ya isa ya nuna cewa raunin da aka yi wa zukata da gaggawa ba ya warkewa da takarda.

A Afirka kuwa labarin ya sha bamban. Da Paparoma Paul na 6 ya ziyarci Kampala a 1969 ya gaya wa 'yan Afirka cewa lokaci ya yi da za su zama masu wa'azi ga junansu, su kuma yi Kiristanci mai kamannin Afirka. A 1988 fadar Batikan ta amince wa ƙasar Zaire, wadda yanzu ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, da tsarin Mas nata na musamman. A nan arewacin Nijeriya, inda fadan ƙungiyar mishan ta Afirka suka kafa zango a Shendam tun 1907, sauyin ya zo daidai da lokacin da shugabanci ke komawa hannun 'yan ƙasa. Gabriel Ganaka ya zama bishop na Jos a 1974, Peter Jatau kuma ya zama babban bishop na Kaduna a 1975. Hausa, wadda an fassara Littafi Mai Tsarki dukansa cikinta tun 1932, ta zama harshen ibada a coci-coci masu yawa, ganga da tulu da caki suka shiga majami'a. Ba a ji an yi wata babbar ɓaraka a kan wannan ba.

Me ya sa abin da ya raba kawuna a Turai ya shiga nan cikin ruwan sanyi? Wadansu za su ce ai Latin bai daɗe a ƙasar nan ba, saboda haka rabuwa da shi ba ta yi ciwo ba. Akwai gaskiya a ciki. Amma babban dalili a ganina shi ne, tun farko Ikilisiyar Katolika a ƙasar nan a kan kafaɗar talakawa ta tsaya. Fada ɗaya yakan riƙe gundumar coci, wadda suke kira farish, mai ƙauyuka barjat a ƙarƙashinta, wani ƙauyen sai a yi wata guda ko fiye bai ga Fada ba, balle da damina in rafi ya kawo. Wanda ke zaune da mutane dare da rana shi ne katikis, watau malamin da ke koyar da addini. Shi ke jan sujada ranar Lahadi in babu Fada, shi ke shirya masu neman baftisma da masu shirin aure, shi ke zuwa gaida marar lafiya, shi ke tsayawa a bakin kabari, shi ke fassara wa'azi daga Hausa zuwa harshen garin. Da sabon tsari ya zo, wannan bawan Allah ne ya zauna a gindin itace da yamma yana maimaita wa tsofaffi sababbin amsoshi har suka zauna musu a baki. Ya san wanda kunnensa ya yi nauyi, ya san wadda ba ta iya karatu ba, ya san dattijon da sai an bi shi gida an lallashe shi. Abin da takardar Rum ba ta iya yi ba, shi ya yi shi da haƙuri da sanin mutane. Da Paparoma John Paul na 2 ya zo Kaduna a watan Fabrairu na 1982, ban da naɗa sababbin firistoci, ya keɓe lokaci ya yi wa katikis-katikis da sauran talakawan coci jawabi.

Katikis ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda ya leƙa harabar cocin Katolika ranar Asabar da la'asar zai ga yadda aikin yake. Ga mawaƙa suna bita, da yawa daga waƙoƙin Hausa da suke rerawa kuwa malaman makaranta da manoma ne suka tsara su, ba wanda ya biya su ko anini. Ga 'yan Zumuntar Mata Katolika suna shara, suna wanke kayan bagade, suna tara gudummawa don matar da ta haihu ko wadda mijinta ya rasu. Ga samari masu hidimar bagade, ga masu karatu suna gyara bakinsu, ga dattawan da ke tsare ƙofa suna shirya wurin zama. Akwai 'yan ƙungiyar Vincent de Paul, wadda wani ɗalibi mai suna Frederic Ozanam da abokansa suka kafa a Paris a 1833, masu kai wa matalauta abinci da magani. Akwai 'yan Rundunar Maryamu, wadda Frank Duff, ma'aikacin gwamnati, ya kafa a Dublin a 1921, masu bi gida gida da asibiti. Ɗalibai da ma'aikata su lura, ɗalibi da ma'aikacin gwamnati ne suka kafa waɗannan ƙungiyoyi biyu. Tsohon tsarin Mas Fada da yaro ɗaya sun isa su gudanar da shi. Sabon tsari kuwa yana bukatar mai karatu, da mai jan zabura, da mawaƙa, da masu kawo baiko, watau an ƙara wa jama'a daraja, an kuma ƙara musu aiki. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙididdigar fadar Batikan ta 'yan shekarun nan ta nuna Katolika sun kai miliyan 1,400 a duniya, firistoci ba su wuce 400,000 da ɗoriya kaɗan ba, katikis-katikis kuwa sun kusa miliyan 3.

To, tun da haka ne, akwai abubuwan da ya kamata a faɗa ba tare da kara ba. Na farko shi ne halin da katikis ke ciki. A wurare da yawa, musamman a karkara, ɗan abin da ake ba shi a wata ba ya kai shi ko'ina, sai ya haɗa da noma, in ya tsufa kuma ba fansho ba sallama. A 2021 Paparoma Francis ya fitar da doka wadda ta mai da aikin katikis muƙami tabbatacce a Ikilisiya, har da bikin naɗi. Wannan abin yabo ne, amma naɗi ba ya biyan kuɗin makarantar yara. Na san wadansu za su ce aikin Allah ne, ladansa yana gaba. Ba na musun lada. Sai dai akwai bambanci tsakanin mai ba da awa biyu ranar Asabar da wanda ya ba da rayuwarsa dungum. Dokokin Ikilisiya na 1983, a sashe na 231, sun faɗa a fili cewa talakan cocin da ya keɓe kansa ga hidima yana da haƙƙin a biya shi abin da zai riƙe kansa da iyalinsa cikin mutunci, a kuma tanadar masa abin da zai dogara da shi na lafiya da tsufa. Ke nan ba wani sabon abu ake roƙo ba, doka ce aka rubuta ake jiran a cika. Farish ɗin da ya iya tara miliyoyi don gina hasumiya ba shi da hujjar barin katikis ɗinsa cikin ɗaki mai yoyo.

Na biyu shi ne shawara da lissafi. Abin da ya fi kashe wa mai aikin sa kai gwiwa shi ne a neme shi ranar ɗaukar kaya, a manta da shi ranar yanke shawara. Sau da yawa akan sauya wa Fada wurin aiki, sabo ya zo, kafin ya san sunayen mutane ya rushe kwamiti, ya sauya lokacin Mas, ya hana waƙar da aka shekara talatin ana yi. Gaskiya ne ibada ba majalisar dokoki ba ce, ba a kaɗa ƙuri'a a kan abin da Rum ko bishop ya zartar. Amma ita dokar 1963 ɗin nan ta ce ba wanda ke da ikon ƙarawa ko ragewa ko sauya wani abu cikin ibada bisa son ransa, ko da firist ne. Wannan takunkumi ya hau kan mai jan mawaƙa, ya kuma hau kan Fada. Game da kuɗi kuwa, sashe na 537 ya wajabta wa kowane farish ya kasance da majalisar kula da dukiya wadda talakawan coci ke ciki, sashe na 1287 kuma ya ce a riƙa ba masu bi bayanin abin da suka bayar. Matar da ta sayar da awara ta kawo baiko, ko ta ba da tiyar dawa ranar bikin godiya na kaka, tana da haƙƙin ta ji inda abin ya tafi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma rashin bayani ne ke tsaga bangon jama'a.

Na uku shi ne tsofaffi. Sauyi bai ƙare a 1969 ba. A 2011 ƙasashe masu amfani da Ingilishi sun karɓi sabuwar fassarar Mas, har amsar da jama'a ke bayarwa in Fada ya gaishe su ta sauya, mutanen da suka shekara arba'in suna amsawa ba tare da duba littafi ba suka koma suna tuntuɓe da harshensu. A 2017 aka ƙara wa majalisun bishop-bishop na ƙasashe iko a kan fassara. A 2021 aka buɗe wa mata muƙamin karatu da hidimar bagade a hukumance. A shekarar 2020 kuma annobar korona ta sa aka rufe majami'u na ɗan lokaci, aka dakatar da musafahar salama, wanda ya saba karɓar Jibi a harshe aka ce ya miƙa hannu. Saurayi yakan saba da irin wannan cikin mako biyu. Dattijo kuwa addu'arsa ta haɗu da jininsa, in ka taɓa ta ka taɓa tunanin uwarsa da ta koya masa. Wanda ya yi gunaguni a kan sabon abu ba lalle ne mai taurin kai ba ne, sau da yawa shi ne ya yi dakon bulon da aka gina majami'ar da shi. A yi masa bayani tun kafin ranar, a ba shi lokaci, a bar masa wadansu tsofaffin waƙoƙi, har da na Latin waɗanda doka ba ta hana ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Su ma matasa mawaƙa su sani cewa in ƙarar lasifika da jita ta danne muryar jama'a, to, an koma gidan jiya, mutane sun sake zama 'yan kallo.

Na huɗu shi ne harshe. A manyan garuruwa irin su Kaduna, Kano, Jos da Zariya akan yi Mas na Hausa daban, na Ingilishi daban, wani wuri har da na Ibo ko Tibi. Wannan ya dace da manufar taron Batikan, amma akwai haɗari a ciki, domin farish ɗaya yana iya zama jama'a biyu waɗanda ba sa haɗuwa sai a bakin ƙofa, a riƙa kallon Mas ɗin Ingilishi na manya ne, na Hausa kuwa na talakawa. Kuma kada a manta, ga Bajju da Atyap da Birom da Angas da Goemai, Hausa ma harshe na biyu ne, tsohuwa a ƙauye ta fi jin addu'a da harshen da aka yi mata reno da shi. Aikin fassara da tsara waƙoƙi cikin waɗannan harsuna yana bukatar masu ilmi, kuma shi ma yawancinsa aikin sa kai ne.

A nan maganar ta dawo kan masu karatun wannan shafi. A kusan kowane farish mutane ƙalilan ne ke ɗauke da komai, su ne a kwamiti, su ne a shara, su ne a jana'iza, har su gaji su faɗi. Akawun da ya iya lissafi, da malamar asibiti, da lauya, da ɗalibin jami'a mai nazarin harsuna, sau da yawa sukan zo Mas su jefa baiko su shiga mota. Majalisar kula da dukiya ba za ta yi aiki ba in babu wanda ya iya karanta littafin kuɗi a cikinta, kuma wanda ya ƙi shiga ba shi da bakin kuka in abu ya lalace. Su ma masu riƙe da muƙaman ƙungiyoyi su koyi sauka, kada shugabancin Zumunta ko na mawaƙa ya zama sarautar gado, su jawo na baya su koya musu tun da sauran ƙarfi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan darasi bai tsaya a ƙofar coci ba. Duk shugaban ma'aikata ko na makaranta da ke shirin kawo gyara ya dubi wannan tarihi. Bishop 2,147 sun amince da abu, amma inda aka aiwatar da shi da gaggawa ba bayani, har yanzu ana jinya, inda kuwa aka sami ƙaramin malami mai haƙuri da ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya, abin ya zauna lafiya. Saboda haka ina kira ga bishop-bishop da firistocin jihohinmu su duba albashi da makomar katikis-katikis, su riƙa karanta wa jama'a lissafi, su kuma riƙa shawara da masu aikin sa kai kafin a taɓa abin da ya shafi ibadarsu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya ba mu zaman lafiya da juna, Ya sa shugabanni su san darajar na ƙasa da su, amin.